Zaren Ruwan Malmo a Kogin Haɗeja

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ba na jin zai iya ɗauke ranar da wani tsohon masunci ya rushe mini aikin wata huɗu da magana ɗaya.

Lokacin ina karatun digiri na biyu, kuma binciken da aka ba ni shi ne in ƙiyasta nauyin ɓurɓushin roba da leda da kogin Haɗeja ke ɗauka a lokacin cikar ruwa. Ba ledar da ake gani tana yawo ba, wadda ta dagargaje har ido ba ya kama ta. Kullum da safe wannan tsoho yake tuƙa ni a kwale-kwalensa, mu kutsa ta cikin ciyawar kachala, in ɗebi ruwa in tace. Daga nan sai ɗakin gwaji, in duƙa a kan madubin ƙara girma har wuyana ya ƙage. Sikeli ba ya jin nauyin irin waɗannan abubuwa, don haka sai an auna tsawo da kaurin kowanne, a lissafa nauyinsa, sannan a ninka da yawan ruwan da ke wucewa. Zare ɗaya a farantin gwaji, kafin a gama ninkawa ya zama kaya niƙi-niƙi.

Malamina ya ce duk ranar da zan yi ƙirge, in ajiye faranti guda na ruwa mai tsabta a gefe, don a ga ko wani abu na faɗowa daga iska. Na yi sau biyu na watsar. Gani nake ɓata lokaci ne, ga gajiya kamar an yi mini duka.

Abin da ya fi yawa a farantaina wani siririn zare ne ruwan malmo. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa daga komar masunta yake fita. Har babi guda na cika da laifinsu, ina ji da kaina.

Ranar ɗiba ta ƙarshe, ruwa ya riga ya fara janyewa, sai na nuna wa tsohon hoton a waya.

"Baba, ka ga abin da komarku ke zubarwa a kogi."

Ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"'Yar nan, tun ban yi gemu ba nake su. Na ga koma fara, na ga koriya, na ga shuɗiya. Ruwan malmo dai ban taɓa gani ba." Ya miƙo mini wayar, ya nuna ni da haɓa. "Sai dai wanda ke jikinki."

Na dubi hijabina. Guda biyu gare ni iri ɗaya, na yadin roba, na ware su don aikin kogi saboda saurin bushewa. Da su nake shiga ruwa, da su nake duƙawa a kan faranti. Na mayar da wayar jaka, muka juya zuwa gaɓa.

Washegari na tsinci zare ɗaya daga bakin hijabin na sa a madubi. Shi ne, babu ko tantama. Na ajiye farantin ruwa mai tsabta, kafin azahar shi ma ya tara nasa. Ashe wata huɗu na yi ina ƙirga tufafina, ina ninkawa da ruwan kogi.

Wallahi sai da zuciya ta raya mini in yi shiru. Wa ya sani, in ba ni da tsohon da ko sunan makarantarmu bai riƙe ba? In na faɗa kuwa, ruwan cika sau ɗaya yake zuwa a shekara, abokan karatuna za su fita su bar ni. Na yi tunanin in cire ruwan malmon kawai daga lissafi, amma wa ya san me kuma ya faɗa ciki? Kwana uku ina jan ƙafa kafin na shiga ofishin malamina.

Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya murza ido.

"Sauri ya haifi nawa ke nan. Sai mu jira damina."

Haka na jira. Na ci bikin kammalawar ƙawayena da murmushin dole, na koma kogi da mayafin auduga da farantin ruwa mai tsabta a gefe. Robar dai tana nan a ruwan, har da ta komar masunta, amma lissafin bai kai ko kusa da na farko ba. Da na samu sakamako ma ban yi wani murna ba, barci kawai na yi.

Na ba tsohon haƙuri, ya yi dariya ya ce ai bai san ma an kai ƙararsu ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin da na yi shiru, da laifin ya zauna a takarda a kan mutanen da ba za su taɓa karanta ta su kare kansu ba. Tun daga nan, kafin in ɗora wa wani nauyi, sai na fara kakkaɓe jikina.