Ranar da Shuni Ya Shiga Tafkin Otal

Ban taɓa mantawa da ranar da aka karɓe makullin tafki daga hannuna ba. Ni ban iya lissafin shekarun Bature ba, amma ku riƙe wannan: shekarar da aka yi ƙidayar jama'a ce, wadda ko mako ba a rufa ba rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki. Wayar hannu ta riga ta shigo Azare, amma mai ita ana nuna shi da baki, keke napep kuwa bai fara gogayya da acaɓa ba tukuna. To bayan husufin nan da kamar wata guda, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka siminti, abin ya faru.

Ku da kuka shigo aikin otal daga baya, bari in gaya muku yadda tsarin yake a zamaninmu. Manaja ne a sama, Malam Bukar, wanda iyayensa suka zo daga Yobe amma shi a nan ya tashi. Ƙarƙashinsa akwai mai karɓar baƙi a kanta, da shugaban masu gyaran ɗakuna, da mai inji wanda ke zuba wa ruwa magani yana tace shi, sannan mu ƙananan ma'aikata. Wurin ninƙaya yana can bayan ɗakuna, an kewaye shi da doguwar katanga. Mu dai tafki muke ce masa. Ba wani babba ba ne, an shimfiɗe cikinsa da farin tayil, in allura ta faɗa za ka hango ta a ƙasa. Rijiyar burtsatse ke cika shi, kuma kwana uku cur take yi tana zuba kafin ya kawo baki.

Talata da Alhamis, daga hantsi zuwa azahar, na mata ne zalla, kuma ni ce da ƙofa. Ba takarda ta kawo ni ba, ban taɓa zama a aji ba. Shekaru na kwashe ina yi wa masu jego wanka a manyan gidajen garin nan, shi ya sa duk Alhajin da ya sauka da iyalinsa, in ya ji Iya Talatu ce a ƙofa, sai ya koma ɗaki ya yi barcinsa. Aikina shi ne in ga makullin ɗaki a hannun mace kafin in ba ta tawul, in tsayar da ita ƙarƙashin famfo ta wanke man jikinta, in hana sabulu, in hana zane mai zuba. Wanda ya zo gaida baƙo kuwa, ko wane ne shi, iyakarsa falo. Shekara uku ina riƙe da wannan ƙofa, ko kaza ba ta taɓa wuce ni ba.

A wannan makon muna da wata baƙuwa a ɗaki na tara, likita ce daga Legas, ta zo taron likitoci. Haihuwar garin Katagum ce, can bakin kogi. Ranar Laraba ta same ni ina ninke tawul, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, abin da ba kowace mai farar riga ke yi ba.

Ta ce, "Iya, gobe na aika mota ta ɗauko Hajiyarmu. Ba ta tafiya ita kaɗai, da ƙawayenta biyu za ta zo. Tun ina ƙarama suke cika min kunne da labarin iyo a kogi. Ina son su ga wannan ruwa."

Na ce, "Likita, makullinki ɗaya, ke ɗaya."

Ta ce, "Gani kawai, Iya. Rabon su da shiga ruwa tun kafin a haife ni."

Daga nan ƙafata ta kai ni ofishin Manaja.

Na ce, "Manaja, ɗana, mai ɗaki na tara uwarta za ta zo gobe."

Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Falo yana nan, Iya."

"Uwar da ta haife ta za ka zaunar a falo kamar mai neman aiki?"

Sai ya ajiye biro. Mutum ne mai bayani, ba ya tsawa. Ya ce in aka buɗe wa uwa yau, gobe ƙanwa ce, jibi unguwa guda, ranar da ɗan wani ya nutse kuwa shi za a kama. Ya ce kuma ranar Asabar akwai ayarin baƙi masu wani taro, waɗanda suka zaɓi otal ɗinmu saboda tafkin nan, mai otal da kansa ya yi musu alkawari.

Na ce, "A baki za su zauna, su tsoma ƙafa. Ƙafa kawai. Ni na tsaya musu."

Ya ce, "Iya, bakinki kika ba ni fa."

Na ce, "Tun da ka san ni, ka taɓa jin na yi magana biyu?"

Ranar Alhamis da hantsi suka iso. Hajiya Babba, mahaifiyar Likita, 'yar gajeriya ce mai dogara sanda, daga ƙofa zuwa bakin ruwa sai da ta huta sau biyu. Sai Gwaggo Dije, doguwar Bafulatana, da Ya Fanna, Babarbariya mai faɗin murya. Gaida babbar baƙuwa suka zo, saboda haka kayan ƙasan adaka suka ciro. Hajiya Babba ta ɗauro baƙin zanen shuni, irin bugaggen nan mai ƙyalli wanda yanzu ko a kasuwa ba a gani, su biyun kuma kowacce da mayafin shuni. Na ga zanen sarai, kar wani ya ce ban gani ba. Na kuma san abin da shuni ke yi wa ruwa. Amma ƙafa muka ce, na ce a raina me ya haɗa zane da ƙafa?

Babu kowa a tafkin ranar sai mu. Na zaunar da su a inuwar darbejiyar da ta leƙo ta kan katanga, suka zura ƙafafu. Hasken ruwa yana rawa a fuskokinsu, yana hawa bango yana sauka. Ina jiyo kukan kurciya daga can bayan gari.

Gwaggo Dije ce ta fara magana. "Wai shi wannan ruwa ba ya zuwa ko'ina? Haka yake wuni a tsaye kamar an ɗaure shi?"

Ya Fanna ta ce, "Ke Bafulatana me kika sani a ruwa, ban da wanda kike tsula wa nono?"

"Ji baiwata! Wa ya ciro ki a mashaya ranar da kika cika ciki kamar tulu?"

"Da gashi kika jawo ni, muguwa, har yau wurin bai tsiro ba."

Likita tana dariya, ni ma ina yi. Ban da Hajiya Babba. Ƙafarta take kaɗawa a hankali, idonta yana can tsakiyar ruwa. Can sai ta soma nuni da yatsa, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai barci. "Nan ne gindin tsamiya. Nan yashi yake ƙarewa. In kika wuce nan, sai ki saki jiki, shi zai ɗauke ki." Sannan ta juyo ta miƙo min sandarta. "Riƙe min, 'yar Azare. Ku ruwan guga kawai kuka sani."

Da hannuna na karɓa. Wannan nake so ku ji da kyau, ba ƙwace min ido aka yi ba.

Ta sulale cikin ruwan kamar an zuba mai. Ko fantsama ba ta yi ba. Matar da ta huta sau biyu a taku ashirin, sai ga ta kwance rigingine a kan ruwa, hannuwa a buɗe, ido a lumshe, tana tafiya ba tare da ta motsa komai ba sai 'yan yatsun ƙafa. Zanen ya buɗe kewaye da ita kamar ganyen bado. Daga gefensa shuni ya soma fita siriri-siriri, kamar hayaƙin turaren wuta a ɗakin da babu iska, yana nannaɗewa, yana sauka ƙasa, yana bin ta a baya. Gwaggo Dije ta ce, "Au, za ki riga ni?" ta bi ta da mayafinta. Ya Fanna ta yi bisimilla ta faɗa, ita kam da ƙara.

Kalmar nan ta "ku fito" tana kan harshena, ina jin nauyinta. Ban furta ba.

'Ya'yana, na ga 'yan boko suna iyo a wurin nan, amma su motsa jiki suke yi, suna duban agogo. Ni kuma duk rayuwata mata nake sa wa tafasasshen ruwa da ganye, suna kuka ina danne su, don lafiyarsu. Ban taɓa ganin abin da na gani ranar ba. Suna kiran juna da sunayen yarinta waɗanda ko Likita ba ta taɓa ji ba. Suna gardamar wa zai fara taɓa wancan ƙetare. Furfura ta jiƙe ta kwanta, muryoyi suka sirance, na rantse da na rufe ido 'yan mata uku zan ce ina ji. Ruwan yana ƙara duhu, farin tayil yana ɓacewa, har na daina ganin ƙasansa. Da ƙasan ya ɓace sai katangar ma ta yi nisa a idona. Ni da ban taɓa ganin kogin Katagum a cike ba, ranar na tsaya a bakinsa, riƙe da sandar wata, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen yashi. Likita ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba.

Kiran sallar azahar ne ya dawo da ni. Na duba, tafki ya koma rijiyar marina. Suka fito suna kyarma suna ƙyaƙyata dariya, wuyansu da hannuwansu duk sun yi shuɗi. Na lulluɓe su da tawul, tawul ɗin ma suka rine.

Da suka shige ɗakin Likita na buɗe ƙofa, mai inji ya shigo. Salati ya yi ta yi. Ya ce in ya tura wannan ruwa cikin matatar injin zai kashe ta, dole a zubar da shi duka, a goge tayil, a sake tarawa. Kwana uku ke nan, Asabar kuwa saura kwana biyu.

Manaja ya zo ya tsaya, hannu a baya. Likita ta fito da sauri ta ce laifinta ne, duk abin da ya kama ita za ta ɗauka.

Ya ce, "Likita, ke baƙuwarmu ce, ba da ke na yi magana ba. Iya, yaya aka yi?"

Likita ta yi caraf ta ce, "Santsi ne ya kwashi Hajiya, su kuma suka..."

Babu wanda ya gani sai mu. Da na yi shiru kawai, da maganar ta zauna a haka. Na ce, "Ba santsi ba ne. Sandarta ta ba ni, na karɓa."

"Kin ce su fito?"

"Ban ce ba."

"Me ya hana ki?"

Na ce, "Kallo nake yi."

Hannu ya miƙo. Na kwance makullin daga haɓar zanena na ɗora masa.

Sauran wunin nan da na Juma'a muka yi a durƙushe da buroshi, ni da mai inji, muna bin layin tayil ɗaya bayan ɗaya. Baƙin Asabar suka iso suka tarar da ruwa iya gwiwa, wasunsu suka kwashe jakunkuna suka canja masauki. Manaja ya sha faɗan mai otal shi kaɗai a tsaye, bai kai sunana gaba ba, amma ya mayar da ni ɗakin wanki. Likita ta so ta je ta roƙa min, na ce kul. Shekara shida na ƙara a otal ɗin kafin gwiwa ta ajiye ni, makullin nan bai sake dawowa hannuna ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Bayan damina Manaja ya sauya doka. Mai ɗaki yana iya shigo da mutum biyu, a rubuta sunansu a kanta, su kuma sa farin zanen otal kafin su shiga. Waɗannan fararen zannuwa da kuke miƙa wa mutane yanzu ba ku san mafarinsu ba, ni na fara wanke su, ni na fara goge su.

Malam Bukar ya yi daidai, ban taɓa cewa ya zalunce ni ba. Mai tsaron ƙofa ba shi da kayan aikin da ya wuce bakinsa, na ba da nawa, na kasa riƙe shi, aka karɓi abin da ya kamata a karɓa. Amma ku sani, a ƙasar nan babu baƙon da ke zuwa shi kaɗai, ko da shi ɗaya kuka gani a kanta. Uwarsa na bayansa, ƙawayen uwar na bayanta. In za ku tsaya wa wani, ku fara auna zuciyarku, ba tasa ba. Ni tawa ban auna ta ba. Kuma kar in yi muku ƙarya, ko yau aka miƙo min sandar nan ban san hannuna zai ƙi ba.

Hajiya Babba ba ta ga bazara ta gaba ba. Gwaggo Dije ta bi ta bayan shekara biyu, mai inji ma ya rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Likita tana can Legas, har jikoki ta yi. Malam Bukar yana Misau, ya bar aiki, duk sallah sai ya aiko min da gaisuwa. Ya Fanna tana Dambam wurin ɗanta, ido ya tafi, ba ta kuma gane muryar kowa. In na je gaishe ta, sai ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Wace ce? Kogi ya kawo bana?"

Nakan ce mata ya kawo, ko da rani ne.