Takardar da Na Naɗe Kifi da Ita

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da uku, ina suyar kifi a kasuwar Madarumfa, maigidana yana ci-rani a Najeriya. Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, sunana kawai nake iya rubutawa. Ɗiyata ta fari tana da shekara shida. Tun tana ƙarama na lura in an kira ta daga baya ba ta waiwayawa, in ana magana sai ta karkato kunnen hagu tana kallon bakin mutum, na dama kuma yakan zubar da ruwa mai wari. Na gani, na danne. Matan gidanmu sun fara ce mata kurma, ni kuwa duk wadda ta faɗa a gabana sai an raba mu.

Wata biyu da shigarta lakwal, madam ɗin ajinsu ta aiko in zo. Na tarar da ita da darekta, ga takarda a kan tebur. Suka yi ta Faransanci a tsakaninsu kamar ba na wurin, sannan madam ta juyo ta ce an yi wa ɗiyata tsarin karatu nata ita kaɗai, in dangwala yatsa a ƙasa. Cikin duk maganarsu kalma ɗaya na kama, ta fito sau uku: andikape. Ni a sanina andikape su ne masu keken guragu da ke bara a bakin tasha. Na ɗauka in na dangwala, shi ke nan an rubuta ɗiyata cikinsu a littafin gwamnati, ko a ɗauke ta a kai inda ba zan gan ta ba. Na tambayi madam ko ita ta yi mini naƙudarta. Ta ce irinmu ne ke kashe ƴaƴansu da jahilci. Na ce jahilcina ya fi karatun da bai koya mata gaisuwa ba. Na fizgi takardar na fita.

Washegari na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Cikin kifin da na soya na zaɓi ƙarfasa mafi maiƙo, na naɗe ta cikin takardar, na shiga ajin ana tsakar karatu na dire a gaban madam, na ja hannun ɗiyata muka fito. Uwar mijina ta ce na yi daidai, ta riƙa ɗiga wa yarinyar man shanu a kunne.

Wata bakwai tana zaune gefen kaskona. Da damina ta faɗi, sai bayan kunnen ya kumbura, ga zazzaɓi. Ubanta ya dawo noma, muka kai ta asibiti a Maraɗi. Likita ya ce na dama ya riga ya tafi, sai dai a ceci na hagu. Ya tambaya ko ba wanda ya taɓa ce mana mu kawo ta. Na ce babu, kuma a lokacin gaskiyata na faɗa.

Da aka koma lakwal na danne zuciyata na mai da ɗiyata. Madam ba ta ba ni kujera ba. Ta buɗe aljihun tebur ta fito da takardar nan, duk maiƙo ya cinye ta, ta karanta mini da Hausa a tsaye. A zaunar da yarinya bencin gaba, kunnenta na hagu wajen allo. A riƙa fuskantarta in za a yi mata magana, a aji da gida. Uwa ta kai ta asibiti cikin watan nan. Ta ninke ta ce, "Kifin ya yi daɗi. Dangwala." Na dangwala.

Ban yafe wa madam ba gaba ɗaya, don da ta karanta mini haka ranar farko, da ko da kuka zan tafi asibiti. Amma ba ta kai ni laifi ba, ni da na san ciwon na ɓoye. Ƴan'uwana mata, in an miƙo muku takarda a kan ɗanku, kar ku dangwala, kar kuma ku yage. Ku zauna ku ce a karanta muku layi-layi da Hausa, ko da za a harare ku. Malamai kuma ku ji tsoron Allah, ku yi mana magana da bakin da muke ji. Ɗiyata tana bencin gaba yanzu, tana ƙoƙari. Amma kullum na kira ta ta dama ba ta juyo ba, sai in ji ƙaurin kifin nan a hancina.