Yadda muka shirya kai Kaka bakin teku

Taubashina, ɗan kawuna, ya ga teku. Haka dai yake faɗi, kuma ya daɗe yana faɗi, har mutanen Agiye suka gaji da musu suka bar masa. Sana'arsa sayen aya ce. Ranar kasuwar Cadawa zai tafi da buhunansa da tiyarsa ta awo, ya tara, ya loda wa kamiyo, wato babbar motar kaya. Wata shekara ya bi kamiyon zuwa kudu, wai Kwatano ta bakin teku, ya yi kwanaki, ya dawo da baƙin tabarau da wata riga mai zanen itacen kwakwa. Tun daga ranar, ko maganar tsadar taki ake yi a fadarmu ta shayi, sai ya gyara zama ya ce, "Ai mu da muka je Kwatano…"

Ni a lokacin ina koyarwa a lakol, makarantar bokon garinmu. Wata rana direban kamiyon nan ya tsaya gyaran taya kusa da mu, na kai masa ruwa, hira ta kai mu ga tafiyar.

Ya ce, "Wa? Shi? Ai a Gaya muka bar shi. Yana hango gadar Kwara da ruwan da ke ƙarƙashinta, sai ya tsorata, ya ce shi zai tsaya wurin wani abokinsa. Rigar ma ni na sayo mashi."

Na yi wa direba godiya kamar ya ba ni saniya. Amma ban faɗa wa kowa ba. Tona asirin taubashi a gaban jama'a ba gwaninta ba ce. Gwaninta ita ce ka yi ta yi masa kiɗa har ya taka rawar da za ta kada shi.

Bayan la'asar, shayi ya kai na biyu, na ce masa, "Maigida, ina da Asabar da Lahadi ba aiki. Ka kai ni in ga tekun nan naka."

A al'adarmu ɗan namiji shi ne maigida, ɗan mace kuwa bawansa, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Bawa, teku ba wurin yara ba ne. Sai bayan girbi."

Wani ya ce, "Ai an gama girbi, har an ɗaure rumbuna."

"To sai sanyi ya wuce."

Na ce ai na ji an ce can rana ce kullum, wanda ya sha sanyin Agiye can ya kamata ya je ya gasa bayansa. Fada ta ɗauka gaba ɗaya. Da ya ga ba mafita sai ya ce to, mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Yadda ya ja "in Allah ya kai mu" ɗin, kai ka ce roƙo yake kada a kai mu.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai gidan kawu, wurin kakarmu. Ita ta haifi uwata, ita ta haifi ubansa. Bagobira ce daga wajen Gidan Runji, ƙarama kamar tsintsiya, idonta ya fara rauni amma kunnenta na jin faɗuwar allura. Na same ta tana ɓarar gujiya.

Na ce, "Amarya, angonki zai tafi teku ya bar ki a gida."

Ta ce, "Wane daga cikin angwayen? Ina da ragwaye da yawa."

"Mai tabarau."

Ta ajiye ƙwarya ta aika a kira shi. Ya zo ya durƙusa, ta fara yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ruwan nan gulbi ne ko tafki? Ya ce ya fi su duka, ba a ganin ƙarshensa. Ana wanki da shi? Ya ce ana yi. An ce da gishiri a ciki, wa ya zuba? Ya ce ikon Allah ne. Ta jinjina kai ta ce, "To ni ma za ni. In mutu ban ga ikon Allah ba, alhali jikana ya san hanya?"

Ya juyo ya harare ni. Ni kuwa na duƙufa ina taya ta ɓarar gujiya.

Kafin kwana biyu shiri ya fi ƙarfinmu. Kaka ta sa aka daka dakuwa, aka soya ƙuli, ta fito da zanen da take ajiya don suna. Maƙwabciyarta ta kawo jarka a ɗebo mata ruwan teku, wai an ce yana maganin ciwon gwiwa. Bafulatanin da ke kiwon shanun kawu ya zo takanas ya tambaya ko in an samu ruwan za a huta da sayen kanwa. Taubashina ya rame a tsaye. Ya ce katinsa na ɗan ƙasa ya ɓace, jandarma ba za su bar shi ya wuce ba. Kaka ta aika wa matarsa, aka zaro katin daga ƙarƙashin katifa. Ya ce ya yi mummunan mafarki. Ta ba shi ƙuli ya yi sadaka.

Ni fa ban taɓa niyyar zuwa ko'ina ba. Taswira na rataye a ajina, na san daga Agiye sai ka bi Maradi, ka bi Konni, ka bi Doso, ka kai Gaya, sannan ka ratsa ƙasar Benin tun daga kanta har ƙafarta. Asabar da Lahadi a cikin mota za su ƙare. Ga shi kuma ni mutum ne da ko Maradi zan je sai na riƙe leda da lemun tsami. Jira kawai nake ya durƙusa a fada ya ce bai ga teku ba.

Ranar Alhamis darakta, shugaban lakol ɗinmu, ya kira ni buro, wato ofishinsa. Na tarar da sauran malamai a tsaye. Ya kama hannuna ya ce ɗan'uwana ya zo ya gaya masa komai: cewa tsohuwarmu ta ce burinta na ƙarshe a duniya ta ga teku, ni kuma na rantse sai na kai ta, kunya ce ta hana ni neman izini. Ya ce irin wannan tarbiyya ake so yara su gani. Ya ƙara mini Litinin da Talata. Wata malama har da share ƙwalla.

Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Nawa ya yi zurfi, kuma mu biyu muka faɗa.

Na sami taubashina bayan rumbun kawu yana dariya har da riƙe ciki. Na bar shi ya gama, sannan na ce, "Gaya."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Direban nan ba ya da amana."

"Yanzu ya za mu yi da tsohuwa?"

Muka zauna a inuwar rumbu kamar waɗanda aka yi wa sata. Shi ya kawo shawarar, in ban manta ba, ko da yake har yau cewa yake ni ne. Tafkin Madarunfa na nan bayan Maradi, bana ya cika ya batse. Idon Kaka ba ya kai nesa. Ruwa dai ruwa ne.

Asabar da safe muka ɗauki shatar wata tsohuwar taksi. Kaka a gaba da ƙunshin dakuwa a cinya, mu a baya da jarka. Ta yi ta zuba addu'ar tafiya, har da ta shiga baƙuwar ƙasa. Kafin azahar mun iso. Muka kama hannunta muka kai ta bakin ruwa, iska na kaɗa mata mayafi.

Ta ce, "Ashe Kwatano kusa take."

Taubashina ya ce, "Sabuwar hanya aka yi, Kaka."

Ta duƙa ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana. "Gishirin fa?"

Na ce damina ce ta yi yawa bana, ta tsarma shi.

"Kuma mutanen Kwatano duk Hausa suke ji?"

"Sun koya," in ji shi.

Ta ce madalla. Ta ce tunda angonta ya saba da teku, tana so ta ga ya shiga jirgin nan na masunta ya zaga. Babu yadda bai yi ba. Masunta suka riƙe masa kwalekwale ya shiga da rarrafe, ya ƙanƙame gefe da hannu biyu, ido a rufe, yana karanta duk abin da ya haddace tun daga allo. Ruwan wurin ko ƙugu bai kai ba. Kaka na zaune a tabarma tana cin soyayyen kifi tana tambayata, "Ya yi nisa? Yana ɗaga mani hannu?" Na ce mata hannunsa ba ya ɗaguwa.

Da aka fito da shi, sai Kaka ta juya ga matar da ke suyar kifin ta ce, "Ɗiyata, gidan mai unguwa na nan inda yake, kusa da tsamiya? Ƙanwata ke aure can."

Muka dubi juna.

Ta ce, "Mi kuke kallo? Ina budurwa na yi wanki a tafkin ga. Shekara nawa ina cewa a kawo ni in ga 'yar'uwata, kullum sai bayan girbi, sai bayan sanyi. Da na ce Madarunfa za ni, wa zai ɗauko mani mota? Ku ɗauki kayana."

A gidan ƙanwar tata muka kwana. Tsofaffin biyu suka rungume juna suna kuka, suka koma dariya, aka cinye dakuwar da aka daka don Kwatano. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai Kaka ta nuna mu ta ba shi labari tun daga farko, tana kwaikwayon yadda taubashina ya riƙe jirgi. Jarkar maƙwabciya ita da kanta ta sa aka cika ta, ta kwance bakin zane ta zuba gishirin da ta taho da shi tun daga gida, ta girgiza.

Lahadi da yamma muka dawo. Sauran kwana biyun da darakta ya ba ni a cikin ɗaki na yi su, ko masallaci ta bayan gida nake zuwa, tunda a sanin lakol ina bakin teku. Ban san Kaka ta riga ta haɗu da matar darakta a gidan suna, ta kwashe labari ta ba ta ba.

Ranar Laraba ya tare ni a ƙofar aji, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam, an dawo lafiya? Ya teku?"

Na ce lafiya lau.

Ya ce, "Madalla. Yau 'yan babban aji darasin teku gare su, malaminsu kuma bai taɓa ganinsa ba. Kai za ka yi masu."

Ya ɗauko kujera ya zauna a bayan aji, ya harɗe hannuwa, bai tashi ba sai da aka buga ƙararrawa.