Rabin Baitin da Maza Suka Rera

A shekarar da soja suka koma bariki muka sake jefa ƙuri'a, aka ba ni aikin haɗa dandamalin katako a ɗakin taron wata makaranta a Tarauni. Ni kafinta ne, a Gyadi-Gyadi nake zaune. An tara ɗaliban sakandare daga makarantu da yawa, Musulmi da Kirista, za su rera waƙa baki ɗaya ranar bikin sabuwar gwamnati. 'Yata ta fari tana cikinsu. Tun tana ƙarama take waƙa a bakin wanke-wanke uwarta tana kwaɓar ta, ba ta taɓa samun inda za a saurare ta ba sai wannan karon.

Malamin waƙar mutumin Filato ne, gajere mai sanƙo. Tsarinsa shi ne mata daban, maza daban, sai kowa ya iya nasa sannan a haɗa. Baitin da ya fi so shi ne "mu kashe wutar gaba". Maza masu kaurin murya su riƙe "mu kashe, mu kashe" a ƙasa, mata su ɗora "wutar gaba" a sama. In aka haɗa, sai tsigar jikin mutum ta tashi.

Wata la'asar ya sallami mata su je bayan ɗakin taron su sha ruwa, ya tsare maza suna ta maimaita rabinsu. Tagogi a buɗe saboda zafi. Ni ma ina buga ƙusa ina bin su da kai. Garin dama a ɗar-ɗar yake, amma babu wanda ya tuna da kunnen da ke bakin titi. Daga baya na ji labarin da ya kai can: wai an kulle yara ana koya musu waƙar kisa.

Dutse ne ya fara shigowa ta taga, ya fasa goshin wani yaro. Sai aka ɓalle ƙofa, samari suka kwararo da gora da adduna da jarkar fetur. Malamin ya tare su hannuwa a sama, yana ƙoƙarin rera musu cikakken baitin. Bai kai "wutar" ba aka sauke masa gora a baki.

Na nufi ƙofar baya inda mata suke. Wani saurayi ya sha gabana, ɗan layinmu, ni na gyara wa uwarsa ƙyaure.

"Baba, matsa, ba da kai muke ba."

"'Yata na ciki," na ce.

Na dafa ƙofar zan tura, wani daga gefe ya kawo sara. Ban ji zafi ba a lokacin, na dai ga jini a bango. A lungun baya 'yan mata sun cushe, suna faɗuwa a kan juna, hayaƙin dandamalina da aka cinna wa wuta ya fara cika wurin. Na gane 'yata da takalminta. Tana ƙasa, an taka mata wuya, bakinta a buɗe ba sauti. Na saɓa ta a kafaɗa na haura katanga, wani ɗan acaɓa ya kai mu asibitin koyarwa bai tambayi komai ba. Maƙwabciyarmu nas ce a can, ita ta karɓe ta, sannan ta ce in zauna a ɗaure mini hannun kafin in faɗi.

'Yata ta tashi. Ta yi aure, tana da yara, amma muryarta a dishe take har yau, sai an matso ake jin ta. Ni kuwa da na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai da na koyi riƙe fensir da yatsu uku.

Abin da aka rasa ran nan: yaro ɗaya ɗan Hotoro, wanda hayaƙi ya kashe. Haƙoran malamin huɗu. Yatsuna biyu, da zarto da guduma da katakon duka. Muryar 'yata. Waƙar kuma ba a rera ta ranar bikin ba.