Likita Zai Yi Miki Bayani

Ba kowa ya lura ba, amma Anti Mai Hoto ba ta taɓa ɗora na'urar hoton ciki a kan cikin mace ba sai ta fara rage sautin. In ta ga zuciyar ɗan tana bugawa, sai ta ƙara, uwa ta ji. Shekararta ashirin da biyu a wannan ɗaki mai gado ɗaya da labule kore.

Dokar aikinta ita ce ta duba, ta rubuta, likita ya faɗa. Ta yarda da dokar, don sau biyu tana ganin na'ura ta yi kuskure. Ƙarya kuwa ko ta lallashi ba ta yi. Takan ce na'ura ba za ta tsaya gaban Allah ba, mai riƙe da ita ce za ta tsaya.

Ranar Talata aka turo mata Auta, ƙanwarta da ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekara tara da aure, wannan ne cikin farko, wata biyar. Auta ta hau gado tana tsokana, wai a duba mata da kyau, in ɗan ya ɗauko hancin yayarta a mayar da shi tun da wuri. Anti ta yi dariya, ta shafa mata man hoton a ciki.

Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ga kai, ta ga 'yan yatsu. Inda ya kamata a ga motsi, shiru. Ta sake dubawa.

"Yaya, ƙara sautin mana in ji."

Ba ta ƙara ba.

"Yana nan lafiya, ko? Ki ce wallahi."

Kalma ɗaya za ta ba yarinyar nan kwanciyar rai ta minti goma. Wata kalmar kuma ba hurumin Anti ba ce, tun da likita bai gani ba. Ta goge mata ciki a hankali, ta ja mata riga.

"Likita zai yi miki bayani."

Auta ta daɗe tana kallonta.

"Har ni, Yaya?"

Anti ta miƙa hannu za ta tashe ta, Auta ta sauka da kanta. Anti ta bi ta da takarda har ƙofar likita, mijin Auta ya karɓa, aka rufe ƙofa.

Mata shida na jira a kan benci. Anti ta koma ɗaki, ta canza zanen gado, ta wanke hannu, ta kira ta gaba.