Malam Garba da Kwaɗon Ɗakin Kwamfuta

Ina tsakiyar darasi ranar Talata wani ɗan acaɓa daga Chinade ya tsaya bakin taga ya ce, "Malama, Allah ya yi wa Malam Garba mai gyaran kwamfuta rasuwa." Na sallami ɗalibaina, na zauna ina tuna ranar da na fara saninsa.

Yawancinmu idan muka jona na'ura kwamfuta ta ƙi ganinta, sai mu ce waya ta mutu, ko wani ya ɓata ta. Haka ni ma na ɗauka kafin in san shi. Makarantarmu a Azare tana da tsohon modem, na'urar da muke shiga intanet da ita, amma sabuwar kwamfutarmu ba ta da mazauninsa. Muka sayo 'yar wayar da ke haɗa shi da ramin USB. Ya yi kwana biyu yana aiki, ya tsaya. Hajiya shugabar makaranta ta ce yara ne suka ɓata shi, kuma ran Juma'a za ta sa wa ɗakin kwamfuta kwaɗo.

Ran Alhamis Malam Garba ya zo. Bai ko taɓa wayar ba, ya ce, "Wane rami kika sa ta ran farko?"

Na ce ban riƙe ba, domin kullum ina cire ta in kulle a durowa saboda ɓarayi, da safe in cusa ta duk inda hannuna ya kai.

Ya yi murmushi. "To, Malama, kullum sai kin sauya mata gida."

Ya nuna mini cewa duk sabon rami, sabuwar lamba kwamfuta ke ba wayar. Ta fara da COM3, ta kai COM7, manhajar da ke aiki da modem ɗin kuwa tana can tana jiranta a uku. Ya buɗe shafin da kwamfuta ke jera na'urorinta, ya mayar da lambar wayar zuwa uku. Sannan ya ari jan farce, ya ɗiga a bakin ramin da wayar take, don kullum in riƙa sa ta a nan.

Hajiya ta shigo da kwaɗonta a hannu. "Malam, wa ya ɓata?"

"Ranki ya daɗe, ba wanda ya ɓata. In da mai laifi, mai tsoron ɓarayi ce, ga ta nan tsaye."

Hajiya ta dube ni, ta yi dariya, ta jefa kwaɗon a jaka.

Bai tafi ba sai da kowace ɗaliba ta gyara lambar da hannunta. Yakan ce, "Duba lamba tukuna, sannan ki nemi mai laifi." In ɗaliba ta ji tsoro sai ya ce, "Taɓa, 'yata, ba ta cizo."

Ɗakin nan a buɗe yake har yau. Ɗalibaina, ranar da taku ta ƙi, ku buɗe shafin nan ku gwada da kanku. In ta tashi, ku yi masa addu'a.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya raya 'ya'yan da ya bari, ya haɗa su da masu haƙurin koya musu kamar yadda ubansu ya koya wa namu.