Baba Awo, Mai Nema wa Ɗalibai Aikin Hutu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni ina ofis ta ce Allah Ya yi maka rasuwa, bayan jinyar kwana huɗu a asibiti. Na ajiye wayar, na ci gaba da kallon takardar da ke gabana, ban iya karanta ko layi ɗaya ba.

Waɗanda ba su yi karatu a sashenmu na fiziks da lissafi ba, ba lallai su san ka ba. Kai ba malami ba ne, ba ka taɓa tsayawa gaban allo ba. Aikinka shi ne kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje: ka goge ma'auni, ka gyara wayar da ta tsinke, ka kulle kabad ƙarfe huɗu. Mu ɗalibai muka sa maka Baba Awo, saboda duk sakamakon da aka kawo maka, ko daidai ne, sai ka ce a je a sake awo. Amma abin da ya sa muke tuna ka yau ba ya cikin takardar ɗaukarka aiki. Shekara ashirin da shida kana nema wa ɗaliban digirin farko aikin dogon hutu, ba tare da wani ya sa ka ba.

Tun watan Fabrairu kake farawa. Ka ɗaure fayil a bayan tsohon babur ɗinka da igiyar roba, ka bi wuraren aiki ɗaya bayan ɗaya: kamfanin robobi, ofishin masu safiyo, sashen ɗaukar hoto na asibiti, masu haɗa sola, ofishin hasashen yanayi. Wani manajan ya bar ka a benci awa uku, ka zauna. Wani ya ce ba ya bukatar yara masu yawan turanci, ka yi godiya, ka dawo mako mai zuwa. Ka sha gaya mana cewa ɗan injiniya da ɗan likitanci kowa ya san inda za a kai su, amma ɗan lissafi sai an riƙe hannunsa an nuna wa mutane amfaninsa.

Ni shaida ce. A ƙarshen shekarata ta biyu, mahaifina, wanda tela ne, ya yanke shawarar in bar karatun. Ba don mugunta ba. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da irin wannan lissafin na baƙaƙe ba, gara in dawo shago in koyi abin da zai riƙe ni. Na zo mayar maka da mabuɗin akwatina na ɗakin gwaje-gwaje, ka tambayi dalili, na faɗa maka. Ba ka lallashe ni ba. Kwatancen shagon kawai ka nema.

Bayan kwana biyu sai ga ka da wando a leda, wai a rage maka tsawonsa. Wandon nan babu abin da ya same shi. Ka zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki, kuka yi hirar tsadar zare da ciwon baya, sai da mahaifina ya saki jiki sannan ka kawo maganar.

“Malam, aron 'yarka nake so na mako takwas. In ta dawo ba ka ga amfanin abin ba, ni da kaina zan kawo ta shagon nan.”

Mahaifina ya dubi keken ɗinkinsa, ya ce mako takwas ba shekara ba ne.

Ofishin hukumar ruwa ka kai ni. Aka ba ni tebur a lungu kusa da fanka marar aiki, da tarin littattafan karatun mita na shekara uku da babu wanda ya buɗe. Na yi ta tarawa ina ɗebewa, har na ga ruwan da ke fita daga babban tanki zuwa wata unguwa ya fi wanda ke isa gidajen da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na garzayo na nuna maka ina murna, ka ce in je in sake. Na sake, haka ya fito. A mako na bakwai aka haƙa gefen titin kasuwa, aka sami bututu a fashe. Mahaifina ya rufe shago ya zo ya tsaya a bakin ramin. Da hutu ya ƙare, shi ya ɗauko jakata ya kai ni tasha. A wannan ofishin nake aiki har yau.

Ba zan ce kana da sauƙin hali ba, Baba, don kai ma ba za ka yarda ba. Bakinka yana da kaifi, kuma ba ka san uzuri ba. Akwai ɗan ajinmu da ka kai wurin masu haɗa sola, ya yi mako guda ya gudu, wai hawa rufin kwano cikin rana ba aikin mai digiri ba ne. Ka ɗauki hutunka na shekara, ka je ka cike masa sauran makonnin da kanka, kana da shekara hamsin da 'yan kai, don kada a rufe wa na baya ƙofa. Shekara guda ba ka amsa gaisuwarsa ba. Da ya zo ya ba ka haƙuri, ka sake nema masa wani wurin. Ranar jana'izarka yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarka.

Da muka je gaisuwa, Mama, matarka, ta shaida mana cewa ko a gadon asibiti maganar ɗalibai kake yi. Bana talatin da ɗaya suka rubuta suna, ka samar wa ashirin da biyu, saura tara, ga hutu saura mako uku. Mu tsofaffin ɗalibanka da muka haɗu a tsakar gidan muka karɓi sunayen, kowa ya duba wurin aikinsa. Kafin Lahadi duka taran sun samu. Biyu za su zo wurina, kuma na sa an gyara fankar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da ƙannenka, da ma'aikatan sashenmu, da ɗaliban bana waɗanda ba su samu sun yi maka godiya ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka. Kowane zama da ka yi a bencin wani ofis saboda ɗan wani, Allah Ya saka maka da Aljanna Firdausi. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.